Biranen da Hanya ta Juya wa Baya

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi da aka girke tun shekaru masu yawa. An ƙera shi a Ingila a 1901, kuma shi ne kan jirgi na farko da ya taka dogo a Arewacin Nijeriya. Ba don Minna aka kawo shi ba. Aikinsa shi ne jan kayan Gwamna Lugga daga Barijuko, inda jiragen ruwa ke tsayawa a kogin Kaduna, zuwa Zungeru, sabuwar hedikwatar Turawa. A lokacin Minna ƙauyen Gbagyi ce a kan duwatsu, ba ta cikin lissafin kowa. Yau ita ce babban birnin jiha, Zungeru kuwa sai an zaunar da yaro an yi masa bayani kafin ya yarda cewa daga can aka taɓa mulkin Arewa baki ɗaya.

Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, kuma cike take da garuruwan da suka taɓa riƙe mulki suka saki. Duk hanyar da mutum ya ɗauka daga Minna, ga ɗaya daga cikinsu za ta ɓulle da shi. Ta Kpakungu ana zuwa Bidda, a wuce zuwa Raba a bakin Kwara. Ta Bosso ana zuwa Zungeru da Tegina da Kwantagora, mai nisan zango ya zarce Busa. Ta Chanchaga ana zuwa Suleja, ko a ratse ta Lapai da Agaie a gangara Baro. Autarsu Minna ita ta gaje su a 1976, da aka ƙirƙiro jihar. Wanda ya bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya zai ga yaƙi ya raunata wasu, wuta ta ci wasu, amma abin da ya kwantar da yawancinsu shi ne ranar da fatake ko jirgi ko gwamnati suka sami wata hanyar da ba ta bi ta ƙofarsu ba.

Irin wannan ya faru a wata ƙasa mai nisa, wadda duniya ke tururuwar zuwa kallon kufanta. A Kambodiya, ƙasar al'ummar Khmer, sarakuna sun shafe fiye da shekara 600 suna mulki a yankin Angkor, tun daga 802. Sarki Suryavarman na Biyu ya gina Angkor Wat a farkon ƙarni na 12, da duwatsun da aka saro daga tsaunin Kulen, aka kewaye shi da gwalalo mai faɗin mita 190. Jayavarman na Bakwai ya gina birnin Angkor Thom mai ganuwa, da wurin bautar Bayon a tsakiyarsa, inda manyan fuskokin dutse ke duban kowace kusurwa. Masu bincike na ƙiyasta cewa a ƙarni na 13 mutum 700,000 zuwa 900,000 ne ke zaune a yankin, suna noman shinkafa da ruwan tafkunan da suka haƙa da hannu, ɗaya daga ciki tsawonsa kilomita 8. Wani jakadan Sin, Zhou Daguan, ya zauna a can daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da fada da gidajen talakawa masu rufin ciyawa.

An saba cewa mayaƙan Ayutthaya, daga ƙasar da ake kira Tailan yanzu, su suka ci birnin a 1431, shi ke nan ya mutu. Binciken baya-bayan nan ya nuna maganar ta fi haka tsawo. An yi fari mai tsanani a ƙarni na 14 da farkon na 15, ambaliya ta biyo baya ta lalata hanyoyin ruwa, sannan ciniki da Sin ya koma ta teku, sai sarauta ta bi kasuwa ta gangara kudu wajen Phnom Penh. Gidajen mutane, har da fadar sarki, na katako ne, duk sun ruɓe. Dutse galibi na wuraren bauta ne, shi ya sa su ne mafi yawan abin da ya rage. Angkor Wat kuma ba a taɓa yashe shi gaba ɗaya ba, domin masu ibadar addinin Buddha sun ci gaba da zama a cikinsa har Bafaranshe Henri Mouhot ya iso a 1860 ya baza labarinsa a Turai.

Matafiyin da ya tashi daga Minna ba zai tarar da hasumiyar dutse ba. Abin da zai tarar ya fi wuyar karantawa, kuma ya fi saurin gushewa.

Zungeru ce mafi kusa, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba idan hanya na da kyau. Lugga ya taso da hedikwatarsa daga Jabba zuwa nan a 1902. Daga nan aka tsara yaƙin da ya ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris na wannan shekara. Nan ake aiko wa Razdan-Razdan umarni, nan ake yanke wane sarki za a naɗa, wane za a tuɓe a kai Lakwaja. Ranar 1 ga Janairun 1914, da aka haɗe Kudu da Arewa, Zungeru ce babban birnin Arewa. Akawuna da masu aikin hannu sun zo daga Legas da Saliyo da ƙasar Ibo, kuma a gidan ɗaya daga cikin akawunan nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, ya tashi yana jin Hausa tun yana ƙarami. A garin aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Shugaban ƙasa na farko da jagoran Biyafara duk cibiyarsu a bakin kogin Kaduna take, abin da yawancin masu gardamar siyasa a yau ba su sani ba.

Mulkin Zungeru bai cika shekara 15 sosai ba. Turawa sun koka da zafi da sauro, layin dogo kuma ya nuna musu fili mafi sarari a Kaduna, kusa da manyan masarautu. A 1917 aka kammala ƙaura. Ba ma'aikata kaɗai aka kwashe ba. Har 'yar gadar ƙarfe da Lugga ya sa aka yi a 1904 daga baya aka kwance aka kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji mutane na ɗaukar hoto a kanta. Abin da aka bar wa Zungeru shi ne ginshiƙan gidan gwamna, da ramin wurin wanka, da maƙabartar Turawa, da tsohuwar coci, da gadar jirgi a kan kogi. Ciyawa ta rufe wasu, gonaki sun shiga tsakanin wasu. Cibiyar da aka soma ginawa don tunawa da Azikiwe ta daɗe a yashe, ta zama kango a cikin kangaye. A 2014, da ƙasa ta cika shekara 100 da haɗewa, an sha jawabai a kan martabar garin, amma mai ziyara har yanzu sai ya nemi wani ɗan gari ya shiga da shi cikin daji yana nuna masa da yatsa.

Akwai masu cewa kufan Turawan mulkin mallaka bai cancanci a kashe masa kwabo ba, tunda daga nan aka fito aka karya daular Usmaniyya. Maganar tana da zafi, kuma zafin na gaskiya ne. Sai dai dalilin nasu shi ne babban dalilin adana wurin. Ɗalibin da aka kai shi ya tsaya a kan harsashin ofis ɗin da aka rubuta takardar yaƙin Kano, ya ga ƙanƙantar wurin da idonsa, zai yi tambayar da littafi ba zai sa shi ya yi ba: ta yaya mutane 'yan ƙalilan a wannan ɗan fili suka juya ƙasa mai miliyoyin jama'a? Gani ya kori ji.

Baro ta fi Zungeru gajeren kwana. Gwamna Girouard, injiniyan reluwe ne ɗan Kanada, ya zo a 1907 da shawarar a shimfiɗa dogo daga bakin Kwara zuwa Kano, jiragen ruwa su kawo kaya Baro, jirgin ƙasa ya ɗauka. Dogon ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911, kuma wannan aikin ne ya tara leburori da 'yan koli da mahauta da malamai Hausawa da Nufawa da Yarabawa a gindin duwatsun Minna, unguwanni irin su Limawa da Kwangila suka kafu. Amma a daidai lokacin layin Legas ya iso ya haɗu da na Baro a Minna. Da aka gama gadar Jabba wajen 1916, gyaɗar Kano ta sami hanya miƙaƙƙiya har bakin teku ba tare da an sauke ta an loda a jirgin ruwa ba. Kogin kuma ba ya ɗaukar manyan jirage sai da damina. Mahaɗar ta raya Minna, ta shanye Baro. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a garin, aka yi murna, sai dai shekaru suka shuɗe tashar na jiran abubuwa biyu da ba ta da rai sai da su: a yashe kogi, a kuma gama titin da ya taso daga Agaie ta Katcha.

Labarin ƙasar Nufe ya fi waɗannan zurfi, kuma a nan ne matafiyi ke kusantar abin da za a iya kwatantawa da tsoffin wuraren bauta na wasu ƙasashe. Nufawa na danganta kafuwar daularsu ga Tsoede, wanda labarin baka ya ce ya gudo daga Idah a cikin jirgin ruwa, ya hau Kwara, ya zauna a Nupeko, daga baya ya kafa Gbara a bakin kogin Kaduna. Ana cewa ya zo da gumakan ƙarfe ya rarraba a garuruwan bakin kogi. Gumakan dai na nan, ba labari ba ne. A ƙauyen Tada an sami mutum-mutumin wani mutum a zaune, na jan ƙarfe kusan zalla, wanda masana ke dangantawa da ƙirar Ife ta ƙarni na 13 zuwa 14, kuma ana lissafa shi cikin mafi kyawun abin da aka taɓa zubawa da ƙarfe a Afirka. Mutanen ƙauyen sun riƙa kai shi bakin kogi suna dirje shi da yashi, don neman albarkar haihuwa da kamun kifi, har fuskarsa ta sulɓe. Yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ya je baje koli har Landan. Ɗan Neja da ke son ganinsa sai dai ya nufi Legas ko ya duba hoto.

Gbara ta koma ƙaramin gari. Raba ma haka, alhali a farkon ƙarni na 19 ita ce mashigin fataken da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Ilori. Nan ayari ke sauke kaya a jira fito, dawaki da kanwa da bayi su haye kudu, kayan bakin teku su hayo arewa. Malam Dendo, malamin Fulani da ya shigo rikicin sarautar Nufe ya fita da rinjaye, a nan ya zauna har ya rasu a 1833. Bature matafiyi Richard Lander da ɗan'uwansa sun wuce ta wurin a 1830 sun ba da labarin girman kasuwarta. Rigimar gado tsakanin 'ya'yan Dendo ta cinye garin a shekarun 1840, da ƙura ta lafa kuma ba a koma can ba. Wajen 1857 aka tsayar da Bidda a matsayin gidan sarauta, gidaje uku na Usman Zaki da Masaba da Umaru Majigi suka riƙa karɓa-karɓa, tsarin da ake bi har gobe.

Bidda ita ce ta karya ƙa'idar. Sojojin kamfanin George Goldie sun buɗe mata wuta da igwa a Janairun 1897, na Lugga suka dawo a 1901. Babban layin dogo bai bi ta cikinta ba. Ganuwarta ta ƙasa, wadda ta kewaye gari mai faɗin gaske, ta zaizaye, an yi gini a kan wani sashe, an ɗebi ƙasar wani sashe an yi tubali. Duk da haka garin bai mutu ba, domin abin da ya riƙe shi yana hannun mutane. A unguwar Masaga har yau ana hura wuta ana narka gilashi ana yin ƙarau da duwatsun wuya. Mutanen unguwar na cewa kakanninsu daga Misira suka taso. A da su ke dafa gilashinsu da kansu daga yashi da kanwa, baƙi mai sheƙi; da kwalabe suka yawaita sai aka koma fasa kwalba ana narkawa, tsohuwar dabarar ta kusa ɓacewa tare da tsofaffin da suka san ta. A Tswata Mukun maƙeran tagulla na buga tire da buta da kwano, ƙarar guduma na tashi tun safe. Masaƙa da masu ɗinkin riga su suka sa rigar Nufe ta yi suna a fadojin ƙasar Hausa, kamar yadda goro ɗan Laboji ya yi suna a bakin masu cin goro. Bature S. F. Nadel ya zauna da su a shekarun 1930 ya rubuta littafin da ya fito a 1942, inda ya kwatanta tsarin mulkinsu da na daular Rumawan gabas. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bidda cikin jerin biranen duniya masu fasahar sana'ar hannu.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, wannan karramawa ba gini aka yi wa ba. An yi ta ne ga maƙeri da ɗansa da ke zuga masa wuta. Idan ɗan ya ga acaba ta fi maƙera kawo kuɗin cefane, ya bar ta, babu hukumar da za ta iya gyara wannan ɓaraka da siminti.

Busa kuwa ba za a iya ziyartarta ba ko da an so. A gaɓar ruwanta Bature matafiyi Mungo Park ya halaka a 1806, Clapperton ya zo neman labarinsa a 1826, kuma sarakunanta na Borgu na jingina asalinsu ga Kisra, suna alfahari da cewa mayaƙan jihadi ba su ci ƙasarsu ba. An soma gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafkin ya haɗiye tsohon garin da fadarsa da kaburburansa. Mutum sama da 40,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyukan bakin kogi, aka gina musu sababbin gidaje, aka kira babban matsugunin Sabuwar Busa. Sarauta ta ƙaura da tamburanta da kayan Kisra, bikin Gani bai fasa ba. Amma wanda aka haifa a tsohon garin ba shi da inda zai kai jikansa ya ce nan ne ɗakin kakarka. Wutar da Legas da Kano suka sha shekaru suna kunnawa, da wannan aka biya ta, kuma ba kasafai ake tuna haka ba idan ana kirarin jihar da madatsunta na Kainji da Jabba da Shiroro da Zungeru.

Suleja ta gamu da akasin abin da ya sami sauran. Ita hanya ba ta guje ta ba, afka mata ta yi. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya: Muhammadu Makau ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gina gari mai ganuwa a 1828 aka sa masa sunansa. A nan aka adana tsarin sarautun Zazzau na dauri, da muƙaman mata irin su Iya da Sarauniya, wanda Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihinsa. A nan Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta kai ginin tukunyar Gbagyi har Turai da Amurka, ta rasu a Minna a 1984, hotonta na bayan takardar naira 20. Da aka yanke shawarar sabon babban birnin tarayya a 1976, masarautar ta ba da ƙasa ta ba da suna, ta ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga nan ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka cika garin. Shaguna da gidajen haya suka hau kan ganuwa, kuma dubban da ke kwana a Suleja su yi sammako zuwa aiki ba su san suna kwana a Zazzau ta biyu ba.

Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse jikan Shehu ya kafa a 1864, tana nan da Sarkin Sudan ɗinta da kasuwarta, domin babbar hanyar Yawuri da Sakkwato ba ta bar ta ba.

Shi kansa zuwa waɗannan wurare ya sauya fiye da sau ɗaya a rayuwar mutum guda. Dattawan Minna sun san zamanin da jirgin ƙasa ne abin hawa: a shiga a Minna a sauka Zungeru, ko a bi reshen Baro ta Badeggi da Katcha tare da buhunan shinkafa da busasshen kifi. Reshen nan ya daɗe da mutuwa. Sai zamanin kwalta da kuɗin mai, lokacin da makarantu ke cika mota da ɗalibai a kai su Gurara ko Kainji ko Dutsen Zuma, malamin tarihi na gaba yana bayani. Daga baya tireloli da tankokin mai da ke tsakanin Legas da Arewa suka murƙushe titunan, tafiyar Minna zuwa Bidda da ba ta kai kilomita 100 ba ta koma abin da ake yi wa shiri.

Sauyin ƙarshe shi ne mafi muni. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a Kagara suka kwashe ɗalibai da malamai. Kagara ita ce mahaifar Abubakar Imam, inda aka haife shi a 1911, garin da ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya taka ya ga inda mai Magana Jari Ce ya buɗe ido. A watan Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A Agustan 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina. Ƙauyukan Shiroro da Rafi da Munya da Mariga sun watse, mutanensu na zaune a makarantu da kangaye a Kuta da Gwada da gefen Minna. Babu shugaban makarantar da zai sa hannu a takardar fita da yara ta wannan hanya, kuma babu mai ganin laifinsa. Sabbin kufai ake yi yanzu, na garuruwan da jiya-jiya ake cin kasuwa a cikinsu, kuma a ƙasar da ake gini da ƙasa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Damina uku ko huɗu ba yaɓe sun isa su mayar da soro tudu.

Wannan shi ne bambancin da ya fi kowane nauyi tsakanin Angkor da biranen Neja. Dutse yana jira. Daji ya rufe wuraren bautar Khmer ɗaruruwan shekaru, saiwoyi suka tsattsage bangon ɗaya daga cikinsu, Ta Prohm, amma da aka dawo an tarar da abin gyarawa. Ginin ƙasa ba ya jira. Mutanen Jenne a Mali sun san haka, shi ya sa duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci. Ganuwar Bidda da ta Suleja ma da aikin gayya aka riƙa tayar da su duk bayan damina, sarki ya raba wa kowace unguwa nata sashe. Ranar da ganuwa ta daina tsare kowa daga hari, gayyar ta mutu, ganuwar ta bi ta.

Rashin tsaro hujja ce ta hana yawon buɗe ido, amma ba hujja ba ce ta naɗe hannu. Kambodiya ta ga abin da ya fi wannan: mulkin Khmer Rouge daga 1975 zuwa 1979 ya kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar, aka binne nakiyoyi a kewayen wuraren tarihi, ɓarayi suka sassare kawunan gumaka suka sayar a ƙetare. A 1992, tun ba a gama ajiye makamai ba, aka sa Angkor cikin wuraren tarihi na duniya, aka kafa hukumar kula da shi a 1995, a 2004 aka cire shi daga jerin waɗanda ke cikin haɗari. A 2018 baƙi fiye da miliyan 2.5 suka sayi tikitin shiga, na yini ɗaya dala 37, 'yan ƙasa kuwa kyauta suke shiga. A 2012 da 2015 masu bincike suka ɗora na'urar hasken leza a jirgi mai saukar ungulu suka auna ƙasa ta cikin duhuwar itatuwa, sai ga tituna da tafkuna da shatin gidajen da suka ruɓe tun tuni sun fito a taswira. Abin da na'urar ta gano tudun ƙasa ne da ramuka, wato irin abin da ya rage a Raba da Gbara.

Minna na da jami'ar fasaha tun 1983, da sassan safiyo da tsara birane da zanen gine-gine. Lapai na da jami'ar jiha, Zungeru na da kwalejin fasaha. Auna abin da ya rage na ganuwar Bidda da ta Suleja, da sa masa iyaka a takardar filaye kafin a yanka shi fuloti, ba ya bukatar a jira zaman lafiya ya dawo dajin Mariga. Haka ɗaukar muryar tsofaffin Masaga da na Sabuwar Busa waɗanda suka rayu a tsohon garin: wanda yake da shekara 15 ranar da ruwa ya taso a 1968 ya haura 70 yanzu. Mutanen Shiroro da Rafi da ke gudun hijira a gefen Minna su ma suna ɗauke da sunayen unguwanni da kasuwanni da wuraren tsafin kakanni na garuruwan da watakila ba za a koma ba, kuma ba sai an bi hanya mai haɗari kafin a same su ba.

A Zungeru, madatsar ruwan da aka soma a 2013 ta kammala, mai ƙarfin megawat 700, ta dala biliyan 1.3. Ta kawo ma'aikata da manyan motoci da sabon tafki, ta kuma tayar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin da ke kewaye, kamar yadda Kainji ta yi fiye da shekara 50 da suka wuce. Turakun wutarta sun ratsa daji sun nufi manyan birane. Ginshiƙan gidan Lugga na 'yan kilomitoci daga wurin, kuma kuɗin da zai kewaye su da shinge, a share ciyawa, a ɗauki mai gadi da mai yi wa baƙi bayani, bai kai abin da injinan madatsar ke samarwa a yini guda ba.